Filin Tambaya da Amsa: Kaguwa ko Jatanlande, Wanne Zai Rayu a Ajinmu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a Daura. Ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka mana da akwatin gilashi irin na kiwon kifin ado, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, zurfinsa 30. Burina in zuba masa halittun ruwa masu ɓawo, dangin kaguwa da jatanlande, domin ɗalibaina ba su taɓa ganin ko ɗaya da rai ba, in ban da busasshen kirefish na miya da zanen da ke cikin littafi. Na ga hotunan wasu jajaye masu manyan hannuwa a intanet, kuma wani mai sayar da kifin ado ya ce zai iya aiko mini da su ta mota. Ajinmu rufin kwano ne babu silin, wutar lantarki kuwa sai ranar da aka ga dama. Wanne ya kamata in zaɓa?

Malamar kimiyya, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya saka miki da alheri, ke da iyayen da suka sa hannu a aljihu. Na ji daɗin yadda kika ambaci rufin kwano da halin wutar lantarki, domin amsar tambayarki tana cikin waɗannan kalmomi ne, ba cikin hotunan da kika gani ba. Masu kiwon irin waɗannan halittu a Turai da Amurka suna zaɓe ne bisa launi da kyan gani, saboda suna da wutar da ba ta yankewa da ɗakin da zafinsa ba ya sauyawa. Mu kuwa dole mu fara da tambayar abin da zai kashe dabbar. A aji irin naki masu kisan uku ne: zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake kaiwa digiri 40 a inuwa a ƙasar Katsina da Daura, rashin wutar da za ta juya injin hura iska, sai kuma hutu, wanda ake rufe aji da kwaɗo mako biyu, uku, ko fiye da wata guda.

Zafi yana kisa ne ta hanyar da ido ba ya gani. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, amma idan zafin ya kai digiri 30 sai abin ya sauka zuwa kimanin 7.5, alhali a daidai wannan lokaci ne jikin dabbar yake ƙara buƙatar iskar. Akwatinki yana cin lita 54, wato kilo 54 na ruwa ban da yashi da nauyin gilashin kansa, saboda haka ba a ɗora shi a kan tebirin ɗalibai, ba kuma a ɗaga shi da ruwa a ciki. Ki nema masa dakali ko tebiri mai ƙwari a jikin bangon da rana ba ta duka da yamma, nesa da taga.

Akwai abu ɗaya game da wannan dangi da nake so ki riƙe kafin mu shiga zaɓe. Ƙashinsu a waje yake, kamar sulken da mahaya suke sawa ranar hawan sallah, kuma tun da sulke ba ya girma, dole dabbar ta riƙa tuɓe shi tana yin sabo, wato tana saɓa. Ta wannan fuska 'yan uwan fara da kyankyaso ne na kusa, kuma duk maganin da ke kashe ƙwaro yana kashe su, sau da yawa ma da ɗan abin da bai isa ya kashe sauro ba. Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya na taimaka wa wata makaranta muka haɗa akwati da ƙananan jatanlande goma sha biyu, suka zauna lafiya har mata suka ɗauki ƙwai. Ranar wata Asabar aka yi wa azuzuwa feshin sauro da kuɗin cizo, da kyakkyawar niyya, ba wanda ya tuna da akwatin. Da muka shiga ranar Litinin mun tarar da su duka a kwance a kan yashi, sun yi ja kamar an dafa su, ruwan kuwa garau, ko wari babu. Don haka fiya-fiya, da maganin feshi na gwangwani, da na sauro mai hayaƙi, duk a nisanta su da ɗakin. Haka ma bokitin da aka taɓa jiƙa omo a ciki, da duk wani maganin kifi da ke ɗauke da sinadarin tagulla, wato jan ƙarfe. Ki kula da ganyen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogonyaro, domin ba makarantar da ba ta da shi a yankinmu: sinadarin da ke cikinsa yana hana ƙwari saɓa, kuma ba a so iska ta riƙa zubo shi cikin ruwan.

Yanzu ga jajayen da suka ɗauki hankalinki. Bisa kwatancenki, waɗannan su ne ainihin abin da Turawa suke nufi da kirefish, mafi yawa nau'in da masana suke kira Procambarus clarkii, ɗan asalin fadamun jihar Luwiziyana a kudancin ƙasar Amurka. Abin da muke saya a kasuwa da wannan suna ba shi ba ne. Namu ƙananan jatanlande ne na bakin teku, da ake kamawa a busar a wurare irin su Oron ta jihar Akwa Ibom. Babban yankin Afirka ba shi da kirefish na asali ko ɗaya, sai tsibirin Madagaska. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: kada ki karɓe su, ko kyauta aka ba ki. Ba don suna da wuyar kiwo ba, matsalar ma ita ce ba sa mutuwa da sauƙi. Suna jure zafi da gurɓataccen ruwa, suna haƙa rami su shige idan ruwa ya ƙafe, suna kuma iya fita su yi tafiya a kan tudu cikin dare. An zuba wannan nau'i a tafkin Naibasha na ƙasar Kenya a 1970, ya cinye bado da sauran tsirran ruwa, ya riƙa lalata wa masunta kifin da ke cikin koma. Akwai wani ɗan uwansa mai zane-zane a jiki, Procambarus virginalis, wanda aka fara lura da shi a hannun masu kiwon ado a Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Dukansu mata ne, kowace tana haihuwa ba tare da namiji ba, ta yadda guda ɗaya tak ta isa ta cika tafki. Ya shiga Madagaska a farkon shekarun 2000 ya bazu a gonakin shinkafa. Tarayyar Turai ta haramta cinikin nau'o'in biyu a 2016. Ki ƙaddara ranar rufe makaranta wata ɗaliba mai tausayi ta ɗauke su a roba ta zuba a rafi, suka gangara madatsar Sabke ko ta Daberam. Babu wanda zai iya kwaso su bayan haka.

Jatanlanden kogunan Afirka ta Yamma, Macrobrachium vollenhovenii, namu ne, kuma yana da labarin da ya cancanci a ba ɗalibai. 'Ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwan da ya gauraya da na teku, saboda haka yana kai-komo tsakanin kogi da bakin teku. Da aka gama madatsar Diyama a kan kogin Senegal a 1986, hanyarsa ta toshe, ya ɓace daga saman kogin, dodon koɗin da yake ci, mai ɗaukar cutar tsargiya, ya yawaita, cutar ta ɓarke a garuruwan yankin. Labari ne mai kyau a kan allo, amma dabbar ba ta dace da akwatin lita 54 ba, domin tana girma, tana da faɗa, tana cin 'yan uwanta idan sun yi saɓa, kuma ba za ta hayayyafa miki ba. Haka shi ma Atya gabonensis, wanda ake kamawa a kogin Binuwai wajen Makurɗi: ba shi da awartaki, sai wasu hannuwa kamar mafici da yake tace abinci da su daga ruwa mai gudu. Ruwa mai gudu a cikin aji yana nufin injin da ba ya tsayawa, ke kuma kin riga kin gaya mini halin wutarku. Kaguwar nan mai shiga cikin katantanwa, da ake yawan nunawa a azuzuwan Amurka, ba ma ta cikin ruwa ba ce. Tana buƙatar iska mai laima ƙwarai, hunturunmu zai busar da ita cikin kwanaki.

A cikin na sayarwa, wanda kawai zan iya lamunce miki shi ne ɗan ƙaramin jan jatanlande da ake kira Neocaridina davidi, ɗan asalin Taiwan da Sin. Tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ba ya faɗa, yana rayuwa shekara ɗaya zuwa biyu, kuma yana hayayyafa a ruwan daɗi. Macen tana ɗaukar ƙwai ashirin zuwa talatin a ƙarƙashin cikinta tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta kusan mako uku, har su ƙyanƙyashe da kamar iyayensu. Yana jin daɗi tsakanin digiri 18 da 28, wanda ke nufin daga Oktoba zuwa Fabrairu ajinki zai yi masa daidai, amma idan ruwa ya zauna sama da digiri 30 kwana da kwanaki sai haihuwa ta tsaya, mutuwa ta fara. Yana kuma da sharaɗin da mutane suka fi karyawa: ba a zuba shi a sabon akwati. Kashin dabba da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin yashi da soson matatar ruwa sannan suke mayar da ita abin da ba ya cutarwa sosai. Zamansu yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, ana ɗan jefa ƙwayar abincin kifi a ruwan da babu kowa. Idan makaranta tana da sola a ofishin shugaba ko ɗakin gwaje-gwaje, inda ƙaramin injin hura iska da matatar soso za su yi aiki dare da rana, kuma akwai malamin da zai ɗauki nauyinsu lokacin hutu, to bismillah, ki fara da goma. Idan babu, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da nake so ki yi a zahiri ba ya buƙatar mota daga ko'ina, kuma ba ya cin ko sisi. Ki fita bayan gari da rani, ki nemi irin tafkin nan da ruwan sama yake cikawa da damina ya ƙafe kafin tsakiyar hunturu, ba kududdufin cikin gari da kwatoci suke zuba a ciki ba, ba kuma wanda ke gefen gonar da ake yi wa feshi ba. Ki je tsakiyarsa, inda ruwa ya ƙafe a ƙarshe, inda laka ta tsattsage kamar ƙasan tsohuwar tukunya, ki kankaro samanta, kaurin santimita ɗaya zuwa biyu. Wannan busasshiyar laka cike take da ƙwai. Akwai ƙananan dangin jatanlande da Allah Ya tsara rayuwarsu a kan irin yanayinmu: suna ƙyanƙyashewa da ruwan farko, su girma cikin gaggawa, su zuba ƙwai masu tauri da ke jure rana da fari shekara da shekaru, sannan su mutu tare da tafkin. Ki zuba cikin gwangwanin madara ɗaya ko biyu na lakar a lita biyar zuwa goma na ruwan sama, in babu kuma ruwan leda, ki motsa, ki ajiye a inda haske yake shiga amma rana ba ta duka.

Kwana ɗaya zuwa uku bayan haka, idan laka ta kwanta, ki sa ɗalibai su haska tocila ta gefen gilashin. Za su ga ɗige-ɗige suna tsalle a cikin ruwa, waɗannan su ne ƙuman ruwa, dangin Daphnia da Moina. Jikinsu garau yake kamar gilashi, ta yadda idan aka ɗora ɗaya a ɗigon ruwa ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu, ana kallon zuciyarsa tana bugawa da saurin da ya ninka na ɗan Adam, ana kuma ganin 'ya'ya a cikin jakar bayansa. A ƙasa za su ga wasu kamar ƙwayar riɗi suna gudu a kan laka, kowanne da ɓawo biyu da yake buɗewa yana rufewa. Idan an yi dace da tafki, bayan mako guda za a ga dogaye masu iyo a rigingine, ƙafafunsu suna kaɗawa a jere kamar iska tana bi ta kan gero. Dangin Streptocephalus ke nan, waɗanda suka yawaita a tafkunan damina na Afirka. Babban rabo shi ne Triops, mai faffaɗan sulke a baya da wutsiya mai reshe biyu, wanda in ba a lura ba sai a ɗauka talibambam ne. Sunansa da Girkanci yana nufin mai ido uku, kuma ɗalibai za su iya ƙirga idanun da kansu. Yana girma da saurin da ake iya aunawa da rula kowace safiya, yana saɓa kusan kullum a kwanakinsa na farko, kuma duk rayuwarsa ba ta wuce wata ɗaya zuwa uku.

Ba kowace laka ce take fitar da kowane nau'i ba, kuma a wurina wannan ne ma daɗin abin. Ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da babbar kwalba ko farar roba da lakar tafki dabam, a rubuta wurin da aka ɗebo da ranar da aka zuba ruwa, a riƙa zana abin da ya fito. Wanda ya fi albarka sai a mayar da shi babban akwati. Abincinsu kaɗan ne ƙwarai: ɗan yis na burodi a bakin tsinke, a dama da ruwa, a ɗiga, kada a ƙara sai ruwan ya washe. Yawan abinci ya fi yunwa kashe su, kuma a aji mai ɗalibai sittin kowace tana so ta ciyar, don haka a naɗa mutum biyu kowane mako, a kulle abincin a durowar malama. Ba sa buƙatar injin iska matuƙar ruwan bai yi zurfi ba. Batun hutu kuwa, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro game da sauran nau'o'in, a nan ya zama wani ɓangare na darasi: idan zango ya zo ƙarshe sai a bar ruwan ya ƙafe da kansa, lakar ta bushe ƙayau, a ɗaure ta a takarda a ajiye a kabad. Idan aka dawo aka zuba ruwa, 'ya'yan waɗanda suka mutu za su fito, ko da yake ba duka ƙwan ne suke fashewa a jiƙo ɗaya ba, wasu sai a na biyu ko na uku.

Sai dai lakar tafki tana zuwa da baƙin da ba a gayyata ba. Wasu ƙananan dodon koɗi da ke ɗaukar tsargiya suna iya shigewa laka su yi barcin rani, su farfaɗo idan ruwa ya zo, saboda haka duk dodon koɗin da ya bayyana a cire shi da cokali a jefa a ruwan zafi, kuma doka ce babu mai tsoma hannu cikin ruwan. A rufe bakin akwatin da yankin tsohon gidan sauro da aka wanke sosai, wanda ba mai magani ba, ko da farin yadi mai shara-shara, domin kada aji ya zama wurin kiwon sauro. Za ki iya ganin wani ɗan mitsitsi mai ido ɗaya, yana jan jakunkunan ƙwai biyu a bayansa. Shi ne Cyclops, kuma shi ne yake ɗaukar kurkunu ya kai cikin mutum idan an sha shi a ruwa. Ɗalibanki ba su san kurkunu ba, tun da an ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013, amma kakanninsu sun san ta sarai, sun kuma san dalilin da ya sa aka riƙa raba ƙyallen tace ruwa a ƙauyuka. Ki ba su aikin gida su tambayo.

Idan kina son abin da ba ya saɓa alkawari a ranar da kika tsara darasi, ki haɗa da Artemia, jatanlanden ruwan gishiri, wanda ake ɗebo ƙwansa da yawa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Masu ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada suna amfani da shi, saboda haka ki tambaya a shagunan abincin kifi ko wajen mai gonar kifi, cokali ɗaya ya ishe ki shekara. Ki tabbatar kin ce mai ƙyanƙyashewa kike so, wanda yake kamar garin ƙasa-ƙasa; akwai wani mai ruwan lemo da aka cire wa ɓawo aka busar don a ba kifi kai tsaye, wanda na taɓa zama kwana uku ina gadinsa a banza. Ana narka kimanin giram 30 na gishiri, wato cokalin cin abinci biyu da ba a tula ba, a lita ɗaya ta ruwa, a zuba a faranti mai faɗi, a barbaɗa ƙwan kaɗan. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu za su fito, kuma idan aka haska tocila a kusurwa ɗaya duk sai su taru a wurin. Suna kai santimita ɗaya cikin mako biyu zuwa uku. A yi alama a jikin mazubin, idan ruwa ya ragu a cika da ruwan daɗi, domin ruwa ne yake tashi, gishirin yana nan.

Na san duk wannan bai kashe miki ƙishirwar abu mai awartaki ba, wanda yarinya za ta gani daga kujerar baya. Wannan gurbi na kaguwarmu ta gida ce, dangin Sudanonautes, wadda ake samu a rafuka da fadamun Afirka ta Yamma da ta Tsakiya har zuwa bakin Sahel. Ki yi magana da masunta ko masu lambu a bakin madatsa, su suka san raminta. Kada a tura yara kamu, saboda tsargiya da haɗarin ruwa. Guda ɗaya za ki sa, domin biyu a akwati ɗaya ƙarshensu ɗaya ce. Ba a cika mata ruwa: santimita 10 zuwa 15 ya isa, da tudun yashi ko duwatsu a gefe guda inda za ta hau ta sha iska, da fasasshen kasko da za ta ɓuya a ƙarƙashinsa. Wannan iya zama a tudu shi ne ya sa rashin wuta bai dame ta ba. Murfi kuwa sai an danne shi da dutse, domin gwanar tsere ce. Tana cin ɗan kifi, da tana, da ƙwayar abincin tarwada, da ganyen alayyahu ko zogale da aka ɗan tsoma a ruwan zafi. A ba ta da yamma kafin a tashi, a kwashe ragowar da safe. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, da ruwan rijiya ko na burtsatse, in kuma na famfo ne a bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana biyu kulorin ya fita. Idan aka juya ta za a gane jinsinta: murfin cikin namiji siriri ne, na mace faffaɗa, domin a nan take rungume ƙwanta har su fito a matsayin ƙananan kaguwa cikakku. Kada a haɗa ta da kifi, kada kuma wani ya yi sha'awar gasa ta, domin a kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru irin wannan kaguwa tana ɗaukar tsutsar huhu da ke kama wanda ya ci ta ba ta dahu ba. Zango na farko, daga Satumba zuwa Disamba, shi ne lokacinta. Kafin a tafi hutu a mayar da ita daidai inda aka kamo ta. Zango na biyu sai akwatin ya koma na laka, wanda zai ƙafe daidai lokacin da zafi yake shigowa, Artemia kuma yana cikin farantinsa dabam.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Muna da kaguwa ɗaya a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu a birnin Katsina. Kwana huɗu ta ƙi cin abinci, jiya da safe kuma muka tarar da ita a kife ba ta motsi, ɗalibai har sun fara shirin binne ta. Da na ɗaga kaskon sai na ga wata kaguwar a ƙarƙashi, fara-fara, jikinta laushi. Daga ina ta biyun ta fito?

Malamin bayoloji, Katsina

AMSA

Malam, barka kadai. Kaguwarku ɗaya ce, kuma lafiyarta ƙalau. Abin da kuka gani a kife tsohon sulkenta ne; ka ɗaga shi za ka ji ba nauyi, ka duba ta baya, inda murfin sama ya haɗu da ciki, za ka ga tsagar da ta fita ta nan, ta zare ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya har da rufin idanunta. Ƙin cin abinci na kwanakin nan shi ne alamar saɓa ta gabato. Yanzu ne take cikin haɗari mafi girma a rayuwarta, domin ta sha ruwa ta kumbura don sabon ɓawon ya yi mata yalwa, kuma zai ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri. Ka mayar da kaskon yadda yake, kada a taɓa ta, kada a canza ruwa, kada a ba ta abinci sai ta fito nema da kanta. Tsohon ɓawon a bar mata shi a ciki, domin takan ci wani abu daga jikinsa ta mayar da sinadarin kalsiyam. Ka ƙara mata da ɗan ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Kafin ka mayar da tsohon ɓawon, ka sa ɗalibai su auna faɗinsa da rula su rubuta, bayan mako biyu kuma su auna kaguwar ta jikin gilashi su kwatanta. Idan da ma akwai ƙafar da ta guntule mata, ku duba wurin da kyau, za ku ga sabuwa ta fito, 'yar siririya, wadda za ta cika girma a saɓa ta gaba ko ta bayanta.